Ƙarar gurzar ƙarfe a tayar gaba ta F-150: ta ina iska ke shiga?

Manomin Giwa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da dattawan wannan zaure da duk masu sana'ar gyaran mota da ke cikinsa, da fatan damina ta same mu lafiya. Na zo da wata matsala ce da ta shafe wata huɗu tana cin kuɗina, kuma har yau ban sami wanda ya nuna mini takamaiman tushenta ba.

Ina da a-kori-kura ƙirar Ford F-150 ta shekarar 2006, mai injin fetur 5.4, wadda na saya a hannun wani bayan an shigo da ita daga Amurka. A Zariya nake zaune, amma gonata tana can bayan Giwa, saboda haka kusan kowane mako sai na bi ta Samaru da Shika da lodin taki ko iri, sannan in sauka daga kwalta in kama hanyar da ƙaramar mota ba ta shigarta idan ruwa ya sauka. Dalilin da ya sa na sayi motar ke nan, domin giyarta mai jan taya huɗu, wadda direbobi ke kira ogzilari.

Abin da ke faruwa shi ne, ina cikin tafiya a kan kwalta, makunnin giya yana kan 2H, wato tayoyin baya biyu ne kawai ke jan motar, da zarar na taka totur da ƙarfi, kamar wajen hawan gadar Kwangila da kaya ko wajen wuce tirela, sai wata ƙara ta taso daga tayar gaba ta dama, kamar injin markaɗe ya haɗu da tsakuwa. Idan na ɗaga ƙafa, wani lokaci sai in ji ƙwas, ƙarar ta ɗauke, wani lokaci kuma ta ci gaba har sai na rage gudu sosai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan na murɗa makunnin zuwa 4H, wato jan taya huɗu, nan take take yin shiru kamar ba a taɓa yinta ba.

Bakaniken farko da na kai wa ya ce boris ne, aka canza hob ɗin dama gaba ɗayansa, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, bayan kwana uku ƙarar ta dawo. Na biyu ya kwance wajen, ya fito da wani abu mai kama da zobe, mai haƙora a ciki da roba a jiki, ya nuna mini yadda haƙoran suka cinye, aka aika Kano aka sayo wani. Wannan ya yi mako uku lafiya, sannan muka koma gidan jiya. Yanzu yana cewa a canza zoben ɓangarorin biyu tare da shaf ɗin dama, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar. A ranar ne wani yaronsa ya ce, cikin ƙasa da murya, abin nan da zuƙar iska yake aiki, wataƙila wani tiyo ne ya huje, sai ogansa ya daka masa tsawa, ni kuma maganar ta zauna mini a rai.

Tambayata ita ce, shin da gaske ne hujewar tiyo tana iya cinye haƙoran ƙarfe? Idan haka ne, ta yaya ake gano inda iskar ke shiga ba tare da an ci gaba da sayen kaya a kan zato ba? Sannan akwai abin da zan yi in ci gaba da zuwa gona kafin a gama gyaran, tunda lokacin zuba taki na biyu ya matso? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Yaron nan da aka daka wa tsawa shi ne ya faɗi gaskiya, kuma da ni ne ogansa da na saya masa shayi da burodi a ranar. Kafin a taɓa sifana, bari in bayyana yadda abin yake aiki, domin a nan ne yawancin abokan sana'armu suke ɓacewa.

A F-150 daga ƙirar 2004 zuwa sama, zoben da aka nuna maka yana zaune ne tsakanin ƙarshen shaf da hob, kuma kamfanin yana kiransa IWE. A cikinsa akwai sifirin da ke tura zoben mai haƙora ya haɗa shaf da hob, akwai kuma tantanin roba da ke janye zoben baya idan inji ya zuƙe iskar da ke bayansa. Wato zuƙar iskar, wadda muke kira bakyum a gareji, aikinta saki ne, kullewa kuwa aikin sifirin ne. Idan kana 2H inji yana aiki, zuƙar tana riƙe da zoben a janye, taya tana juyawa ita kaɗai, shaf yana hutawa. Idan ka murɗa zuwa 4H, wani ɗan makunnin lantarki da ake kira solonoyid yana yanke zuƙar ya bar iska ta shiga, sai sifirin ya mayar da zoben ya kulle.

To, matsalar tana tsakiya ne. Idan zuƙar ta cika, zoben yana janye sarai, babu ƙara. Idan babu ita kwata-kwata, yana kulle sarai, nan ma babu ƙara. Amma idan ta yi rauni, sai zoben ya tsaya a rabin hanya, bakin haƙoransa yana gogar haƙoran hob da ke juyawa da gudun mota, kuma wannan gogar ita ce markaɗen da kake ji. Dalilin da ya sa take zuwa wajen hawa shi ne, zuƙar daga manifol ɗin inji ake ɗaukarta, wato hanyar da inji ke shaƙar iska, kuma a injin fetur tana da ƙarfi idan ƙafa ba ta kan totur, tana faɗuwa idan an taka shi sosai. Domin haka ne aka sa ɗan bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai, da ɗan tankin roba da ke ajiye zuƙar, su riƙe zoben har a gama hawan. Idan bawul ɗin ya mutu, ko tankin ya tsage, ko wani tiyo ya huje, ajiyar takan zube a daidai lokacin da ake bukatarta. Shirun da kake samu a 4H kuwa shi ne babbar shaida, domin boris da ya mutu ba ruwansa da makunnin giya, kukansa yana bin gudun mota ne, yana ƙaruwa ko raguwa idan an karkata sitiyari.

Ga yadda nake bin aikin a wurina. Da farko a ɗaga gaban motar a kan jak, a tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, a sa dutse a tayoyin baya. Inji a kashe, a juya kowace taya da hannu, dole a ga shaf yana juyawa tare da ita. Sai a tayar da inji a 2H, a sake juyawa, wannan karon taya ce kawai za ta juya. Ɓangaren da shaf ɗinsa ya ci gaba da bin taya, ko aka ji yana ƙas-ƙas, a sa masa ido. Sai dai ina jan hankalinka cewa mota tana iya cin wannan gwajin sumul alhali ciwon yana nan, domin a tsaye zuƙar inji tana da ƙarfin da zai rufe asirin ƙaramin huji.

Daga nan sai a bi layin gaɓa-gaɓa, daga sama zuwa ƙasa. A motar 2006 solonoyid ɗin yana jikin bangon da ya raba inji da ɗakin mota, a ɓangaren fasinja, bayan batir. A zare tiyon da ke kawo zuƙa daga inji, a ɗora yatsa a bakinsa, a ji ko yana kama fata da ƙarfi. A cire ɗan bawul ɗin, wanda bai wuce girman ƙwallon dabino ba, a hura shi da baki ta kowane ɓangare: ta ɗaya iska za ta wuce, ta ɗayan dole ta tsaya cak. Idan ta wuce ta duka biyun, ko da kaɗan ne, ya gama aiki. Kafin a cire shi a yi masa alama, domin na sha ganin motar da aka mayar mata da shi a juye. Wasu motocin suna da irin bawul ɗin fiye da ɗaya a layin, saboda haka a bi tiyon da hannu har ƙarshe. Shi kuma solonoyid, a cire shi a girgiza a tafin hannu. Wurin da yake ruwa yana iya gangaro masa daga ƙasan gilashin gaba, musamman a damina ko idan masu wankin mota sun buɗe bonet sun saki ruwa mai ƙarfi, shi ya sa waɗanda aka yi daga baya suke zuwa da 'yar hula a kansu. Idan ruwa ya shiga, yakan bi tiyo har cikin zoben, ya haifar da tsatsa.

A ƙasa, tiyo biyu ne a manne da juna suke shiga kowane zobe. Mai kaurin shi ne na zuƙa, siririn kuma na numfashi ne, wanda ɗaya bakinsa yake buɗe a can sama. Kada a raina siririn nan. Na taɓa kwana biyu a kan wata mota da ta daɗe a ajiye, ashe zanzaro ne ya yi gini a bakinsa ya toshe shi da laka.

Game da zuwa gona, akwai dabara. A zare tiyon da ke kawo zuƙa daga inji zuwa solonoyid, a toshe shi da kyau don kada inji ya riƙa shan iska ta nan, a kuma rufe bakin solonoyid ɗin saboda ƙura. Zobban biyu za su zauna a kulle, ƙarar za ta ɗauke, motar kuma tana nan a 2H domin giyar tsakiya ba ta haɗa gaba da baya ba. Za ta ɗan ƙara shan mai, shaf-shaf ɗin gaba za su riƙa juyawa a banza, amma haƙora sun huta. Abin da ba na so ka yi shi ne ka riƙa bin kwalta busasshiya a 4H don gudun ƙarar, domin wannan yana ɗaure giyar tsakiya ya cinye tayoyi.

Direban Tifa, Ɗanmagaji:

Salamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma, ba gardama nake yi da kai ba, amma abin da na sani ya ɗan saɓa da wannan bayanin. Na yi shekaru ina tuƙa Ford F-250 mai injin dizal a wani kamfanin gina hanya kafin in koma tifa, kuma a waccan motar idan tiyo ya huje, hob ɗin ƙin kullewa yake yi. Za ka sa 4H, fitila ta kama a dashbod, amma tayoyin baya kawai ke tono a cikin taɓo. Alamar da muke ganewa da ita ita ce, da ka murɗa makunnin sai iskar AC ta bar fuskarka ta koma tana fita ta ƙasan gilashi. Maganinsa kuwa a wurinmu shi ne a sauko a murɗa hob ɗin da hannu daga AUTO zuwa LOCK, a ci gaba da aiki. Me zai hana Alhaji ya duba tsakiyar tayarsa ya murɗa, ya huta da wannan wahalar?

Malamin Fasaha, Samaru:

Wa alaikumus salam. Malam direba, abin da ka faɗa daidai ne a kan motar da ka tuƙa, kuma abin da Baba ya faɗa daidai ne a kan motar Alhaji. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, amma tsarin ya bambanta. A F-250 da F-350 na wancan zamani, zuƙar tana zuwa ne na ɗan lokaci ta kulle hob, wata mai rauni ta zo ta sake shi, kuma layin yana haɗe da na ƙofofin iskar AC, shi ya sa iskar ke komawa gilashi idan an sami huji. F-150 ta 2006 ba ta da abin murɗawa a tsakiyar taya, 'yar marfi ce kawai da ƙaramin noti a bayanta. Haka nan wanda ya saba da Hilux ko L200 kada ya ɗauko iliminsu kai tsaye, domin tsofaffin Hilux da yawa da hannu ake murɗa hob ɗinsu tsakanin FREE da LOCK, wasu kuma, har da L200 da dama, a jikin aksul ɗin gaba ake haɗawa da rabawa.

Abin da nake so in ƙara a kan bayanin Baba shi ne awo, domin yatsa da baki suna gano babban huji ne kawai. Kayan aikin da ya dace shi ne ɗan famfon hannu mai zuƙar iska da geji a kansa, wanda ke ƙirga da inci na zaiba daga sifili zuwa 30. Idan ba a samu ba, masu gyaran AC da firij suna da geji mai fuska biyu, kuma shuɗin yana karanta zuƙa a ƙasan sifili. Lambobinsa a matse suke, amma ya isa ya nuna ko allura tana tsaye ko tana zamewa.

Injin fetur mai lafiya, yana aiki a tsaye bayan ya ɗumama, yakan ba da tsakanin inci 17 zuwa 22 a ƙasar da ke daidai da teku. Duk hawan kimanin mita 300 yana rage kusan inci ɗaya, kuma Zariya ta haura mita 600 a saman teku, saboda haka idan an ga abin da ya gaza na littafi da inci biyu, kada a ɗora wa inji laifi. Ina faɗin haka ne domin littattafan gyaran da bidiyon da ake kallo a intanet ba sa yin wannan lissafin a madadinmu.

Ƙa'idar gwajin ɗaya ce: a ware kowace gaɓa ita kaɗai, a zuƙe ta zuwa inci 20, a tsaya a kalli allura na minti ɗaya cur da agogo. A fara da zoben dama ta bakinsa mai kauri, sannan na hagu. Mai lafiya ba zai sauke fiye da kimanin inci ɗaya a minti ba, kuma yayin da yake riƙe da zuƙar, a juya taya a ga ta saki shaf, a riƙa juyawa ana kallon gejin, domin wani hujin sai ana motsi yake buɗewa. Bayan haka a zare tiyon daga zobban biyu, a toshe bakunansu, a zuƙa daga sama wajen solonoyid, wannan yana gwada layin shi kaɗai. A nan ina so wani ya zauna a mota ya karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, wani kuma ya riƙa lanƙwasa tiyon da hannu a inda ya sauko daga firam zuwa taya. Sai tankin ajiya, shi ma a zuƙe shi a jira.

Akwai wani abu da ya kamata Alhaji ya riƙe sosai. Layin da ya fito daga solonoyid guda ɗaya ne, daga baya ya rabu biyu zuwa dama da hagu. Huji a kowane ɓangare yana raunana duka biyun, kuma zoben da sifirinsa ya fi ƙarfi ko haƙoransa suka riga suka ci shi zai fara kuka. Saboda haka jin ƙara a dama ba hujja ba ne cewa hujin yana dama.

Gwaji na ƙarshe a kan hanya ake yinsa. A sa mahaɗi mai baki uku a layin da ya fito daga solonoyid, a ja dogon tiyo ta gefen bonet zuwa cikin mota, wani ya riƙe gejin a kujerar fasinja, a je a hau inda aka saba jin ƙarar. Idan bawul da tanki da layi suna da lafiya, allurar za ta tsaya kusan inda take duk yadda aka taka totur. Idan tana faɗuwa tare da taka ƙafa tana tashi tare da ɗagawa, bawul ne. Idan tana zamewa a hankali muddin ƙafa tana ƙasa, huji ne a wani wuri.

Abu biyu nake roƙon a guje musu. Ruwan sabulu irin na masu faci ba ya aiki a nan, domin iska shiga take yi ta hujin, ba za a ga kumfa ba. Sannan kada a saki iskar kwamfaresa cikin zoben da sunan share shi, tantanin robar zai yage. Idan akwai ruwa a layi, a zare shi daga sama da ƙasa tukuna, sannan a hura shi shi kaɗai a hankali.

Manomin Giwa:

Assalamu alaikum. Baba, Malam, da ɗan'uwana direba, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na jinkirta amsa ne domin in dawo da sakamako a hannu.

A ranar da na karanta bayanin Baba na toshe tiyon sama da ƙusa mai kauri da igiyar roba, na yi sawu biyu zuwa gona da taki, ban ji ko ƙas ba. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali. Ranar Asabar na ɗauki motar zuwa garejin, na nemi alfarmar a bar ni da yaron nan, ogan ya yarda ba da son ransa ba. Mun aro gejin wani mai gyaran AC da ke maƙwabtaka da su, famfon hannu kuma wani abokina da ke gyaran janareto da motoci ya ba mu aro.

A kan jak komai ya yi kyau, kamar yadda Baba ya yi gargaɗi: inji a kashe duka biyu a kulle, inji a kunne duka biyu a sake. Zuƙar inji ta nuna inci 18. Bawul ɗin, da yaron ya hura shi ta ɓangaren da ya kamata ya toshe, sai ga iska tana fita a hankali, da ya buga shi a tafin hannunsa kuma jar ƙura ta zubo. Solonoyid ɗin ya zubar da ruwa kamar rabin cokalin shayi, mai launin tsatsa. Na ce to an gama, amma yaron ya dage sai mun bi sauran kamar yadda Malam ya tsara.

Zoben dama, wanda aka sayo daga Kano, ya riƙe inci 20 bai motsa ba. Na hagu, wanda tun da na sayi motar ba a taɓa shi ba, ya sauke inci ɗaya da ɗan kai a minti. Layin kuwa da muka toshe bakunansa ya riƙe sarai muddin tayoyi suna miƙe, har muka fara shirin wucewa. Da na shiga na karya sitiyari zuwa dama har ƙarshe, sai yaron ya yi ihu daga ƙasa, allura ta faɗi zuwa sifili cikin 'yan daƙiƙu. A ɓangaren hagu, 'yar maƙalar da ke riƙe tiyon a jikin ƙarfe ta karye tun ba a san yaushe ba, tiyon ya kwanta a kan hannun sama na ƙafar motar yana goguwa, har ya yi wata 'yar tsaga da ba ta kai tsawon farce ba, a ɓangaren da ido ba ya gani. Sai an lanƙwasa shi take buɗe baki. Wata huɗu ana ta kwance dama, ba wanda ya taɓa leƙa hagu.

Mun canza tiyon hagu da bawul, mun hure ruwan layin, solonoyid mai hula kuma na ba da saƙonsa, ina jira. Da gejin a hannun yaron muka hau gadar Kwangila sau uku da buhu goma a baya, allurar ba ta sauka ƙasa da 16 ba, ƙara kuma babu.

Saura tambaya ɗaya ga Baba. Zoben dama ya sha gurza na kimanin mako biyar bayan an sa shi, na hagu kuma yana ɗan saki. In bar su haka, ko in canza?

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Alhamdu lillahi, Alhaji, na ji daɗin wannan labari. Ka gaishe mini da yaron nan, kuma idan da hali ka saya masa famfon hannun nasa na kansa.

Na hagu ka shirya canza shi kafin kaka, lokacin da za a fara ɗauko masara, domin robar da ta kai waɗannan shekaru ta kuma sha ruwa mai tsatsa ba ta komawa baya, kuma hunturu yana ƙara busar da ita. Na dama kuwa riƙe zuƙa bai wanke shi ba, sai an kwance an duba haƙora, nasa da na hob ɗin da aka sa maka. Idan bakinsu yana nan da kaifinsa, a wanke garin ƙarfen da ke ciki tas, a shafa giris mai kyau shafa ɗaya marar kauri, a mayar. Idan sun zagaye kamar haƙoran tsohon zarto, a canza, domin irin waɗannan su ne ke zamewa a 4H a tsakiyar taɓo, lokacin da inji ke tura su da dukan ƙarfinsa.

Wajen ɗaurawa a kula da abu uku. A sa famfon hannu a zuƙe zoben ya janye kafin a tura shaf cikin hob, in ba haka ba haƙora kan hau kan haƙora, noti ya murƙushe sabon abu tun bai yi tafiya ba, kuma ina zargin irin wannan yana cikin abin da ke sa wasu su ce kayan da aka sayo musu jabu ne. A tabbata ƙarshen shaf ya fito sosai ta cikin hob kafin a ɗaura notin. Shi kansa notin ƙarami ne, ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo ko a sa masa bututu a jikin sifana kamar na tifa, yana iya tsinke bakin shaf ɗin.

Idan solonoyid ɗin ya iso, kafin a sa shi a sake hure layin, domin tsohon yana iya ƙara zubo ruwa a 'yan kwanakin nan da ake sheƙa ruwan sama. Sabon tiyon hagu kuma a ɗaure shi a inda maƙalar ta karye, a bar masa ɗan sararin da zai bi sitiyari har ƙarshe ba tare da ya miƙe ko ya taɓa ƙarfe ba, sannan a leƙa na dama a ga ko tasa maƙalar tana nan.